Ciwon Kan Kafinta

Shugaban asibitin unguwa yana gaba yana kaɗa makullai, Kafinta na biye da shi, tef ɗin awo a hannu, fensir a bayan kunne. Suka wuce ɗakin allura, suka wuce na awon ciki, suka ratsa ta tsakanin kwalayen magani da aka jibge a baranda har sun kusa tare hanya.

"Ka dai ga halin da muke ciki," in ji Shugaba, yana zungurar kwali ɗaya da ƙafa. "An kawo mana kaya, ba mu da inda za mu sa. Kantoci nake so a bango uku, daga ƙasa har sama. Katako mai ƙwari fa, ba wanda zai lanƙwashe kafin shekara ba."

"Ranka ya daɗe, aikina ba ya lanƙwashewa."

"Shi ya sa na ce kai za a kira min."

Maganar ta yi wa Kafinta daɗi, don an kwana biyu rabonsa da aiki mai tsoka irin wannan. Har ya fara ƙiyasta katakon da zai ci a ransa, sai Shugaba ya tsaya a ƙofar ƙarshe ta hannun hagu, ya ƙwanƙwasa sau ɗaya ya tura. Kafinta ya ja ya tsaya. Ya san ɗakin nan kamar yadda ya san shagonsa, bai dai taɓa shigarsa ta wannan ƙofar ba.

Malama tana zaune a bayan ɗan teburinta. Dattijuwa ce mai tabarau, ita asibitin ya ajiye don sauraren masu fama da damuwa. Ta ɗago ta dubi Kafinta, mutumin da ya yi wata takwas yana zubar da hawaye a gabanta duk ranar Talata, ta gaishe shi kamar yau ta fara ganinsa a duniya.

"Sannu da zuwa, malam."

"Yawwa, sannu da aiki," ya amsa da ƙyar.

"Malama, a ɗan yi haƙuri, awo za a yi," in ji Shugaba. "Bismillah, Kafinta."

Kafinta ya durƙusa ya kafa bakin tef a kusurwa. Ya ja, ya karanta, ya manta abin da ya karanta. Ya sake ja.

"Ita kuma Malama ina za a mayar da ita?" ya tambaya, fuskarsa na kallon bango.

"Babban asibiti za ta koma, can ake bukatarta. Nan wa ke zuwa? Shekara guda cur, mutum uku ne a rajista. Uku! Mutanen unguwar nan ba su da damuwa, Allah ya yaye musu. Ciwon kai ne dai ya yi musu katutu, shi kam kullum shafi biyu muke cikawa."

To, gaskiyar Shugaba ce, abin da littafi ya nuna ke nan. Abin da littafin bai nuna ba shi ne yadda ake yankar kati a asibitin. Mai Kati tana zaune ne a bayan gilashi mai ɗan rami, ba ta jin mutum sai ya ɗaga murya, ita kuma Allah ya hore mata maƙogwaro. Duk abin da ka faɗa sai ta maimaita shi da ƙarfi kafin ta rubuta, wai don kada a yi kuskure. Ka ce basir, sai na ƙarshen layi ya ji basir. Wane ne zai tsaya a gaban maƙwabtansa da surukansa ya ce ɗakin damuwa ya zo, a wayi gari ana nuna shi da baki ana cewa ya zautu?

Don haka kowa ya samo dabara, kuma duk dabarar ɗaya ce, ko da yake ba wanda ya koya wa wani. Ka ce ciwon kai, ka biya kuɗin kati, wanda bai kai na kwalin ƙusa ba. Ka zauna a layin likita ka ɗan dafe goshi. In an jima ka tashi kamar za ka kewaya, ka zagaya ta bayan tankin ruwa, ka ƙwanƙwasa ƙofar baya. Malama ba ta taɓa tambayar abin da aka rubuta a kati ba.

Ta wannan hanyar Kafinta ya zo, bayan ya yi wata goma ba ya iya riƙe zarto. 'Yarsu guda ɗaya ce, mai shekara huɗu, suna kiranta Aku saboda surutu. Ranar da abin ya faru, a shago take tare da shi. Ya juya ya amsa waya, ita kuma ta ja igiyar da ta ɗaure katakon da aka jingine a bango. Katakon ya rufto mata, ba ta ƙara tashi ba. Daga ranar duniya ta cika shi da haƙuri. Kowa ya zo, haƙuri. Ya karɓa har ya rasa inda zai zuba, amma barci bai dawo ba. Matarsa ba ta taɓa ce masa kai ne ba, kuma ba ta taɓa ce masa ba kai ba ne. Gidan ya koma sannu da zuwa, ga abinci, sai da safe. Ya taɓa zuwa wani asibitin kuɗi ya tambayi farashi, aka faɗa masa abin da sai ya haɗa gado da durowa kafin ya ga likita sau ɗaya, ya yi godiya ya fito. A ɗakin nan ne ya fara furta sunan Aku ba tare da numfashinsa ya sarƙe ba.

Shi ne yau aka ɗauko shi, da tef ɗinsa, ya auna wurin da za a jera kwalaye.

"Ranka ya daɗe, na sha faɗa maka," in ji Malama, muryarta a kwance. "Mutum shida nake gani a rana, wata rana bakwai."

"Ni ma na sha faɗa miki ki kawo min littafinki in gani."

"Littafina amanar mutane ce."

"To ni kuma da takarda ake tambayata, ba da amana ba. Jibi zan aika rahoto. In rubuta me? In ce aljanu ne ke zuwa?"

Ba mugu ba ne Shugaba. Mutum ne da aka ba ɗakuna tara da matsala ɗari, kuma bai taɓa samun dalilin zagayawa bayan tankin ruwa ba.

Kafinta ya saki tef ɗin, tef ɗin ya naɗe kansa da ƙara. Ya miƙe ya karkaɗe gwiwa.

"Ba zan yi aikin nan ba."

Shugaba ya yi dariya. "Tun ba mu yi ciniki ba? Faɗi kuɗinka mana."

"Ba maganar kuɗi ba ce. Ko nawa za ka ba ni, ƙusa ɗaya ba zan kafa a bangon nan ba."

"Ikon Allah. A kan me?"

Malama ta ɗan girgiza masa kai, alamar ba dole ba ne. Ya gani sarai. Amma zuciya ta riga ta ɗebe shi, kuma ya gaji da zagaye kamar ɓarawo.

"Ciwon kan da kuke cika shafi da shi, ni ne. Wata takwas ina zuwa, duk Talata. Ban taɓa ciwon kai ba a rayuwata, ranka ya daɗe, kaina ƙalau yake kamar dutse. A kujerar can nake zama." Ya nuna wurin, sai ya ga kujera ɗaya ce kawai ta rage a gaban teburin.

Shugaba ya dube shi sama da ƙasa, ƙaton mutum mai damatsa, hannu duk kanta. Ya dubi Malama, ta mayar da ido kan takardunta.

"Kai?"

"Ni."

"To, ka zama na huɗu. Huɗu ba za su hana ɗaki zama sito ba." Ya sassauta murya. "Ka ce kana zagayawa. Ai kuwa kana haɗuwa da wasu a can bayan. Ka ba ni sunaye ko ashirin ne, in duba su a rajista in gyara, ni da kaina zan yaga takardar sito. Ba wanda zai ji."

Abin da sauƙi, kuma Kafinta ya san sun fi ashirin. Suka fito tare zuwa zauren jira, yana tafe yana juya maganar. Zauren cike yake maƙil, fanka ɗaya tana juyawa a kasalance, jarirai na kuka. Kallo ɗaya ya yi ya tsinci uku. Ga malamin makaranta can kusa da taga, ya dafe goshi yadda ya kamata. Ga mai sayar da yadi ta kasuwar bakin titi. Ga direban da suka taɓa cin karo a bayan tanki, kowannensu ya yi kamar famfo ya zo dubawa. Duk ukun suka gan shi tare da Shugaba, suka sha jinin jikinsu, suka yi tsuru-tsuru.

Baki ɗaya zai buɗe ɗakin ya tsira. Amma ɗakin da aka tsirar da tonon asiri, wa zai ƙara shigarsa?

"Ban san kowa ba," in ji Kafinta. "Suna ɗaya gare ni, shi zan bayar."

Ya nufi tagar Mai Kati. Masu layi suka fara gunaguni, ya ce su yi masa afuwa, ba zai daɗe ba. Mai Kati ta gan shi ta washe baki, har ta ɗora biro a kan layi.

"A'a, Kafinta! Yau kuma Litinin? Kan ne dai?"

"Ba kai ba ne. Ɗakin Malama na zo."

"Me? Ɗaga murya!"

Ya ɗaga, irin muryar da yake yi wa mai kawo katako magana in injin yanka yana aiki.

"Ɗakin damuwa na zo! Wurin Malama!"

"Ɗakin damuwa!" Mai Kati ta maimaita, don bakinta ya riga hankalinta. Sai da ta faɗa ta ji abin da ta faɗa, ta rufe baki da hannu.

Zauren ya yi tsit, in ban da fanka.

"Ki koma baya kuma," in ji Kafinta. "Duk inda kika ga sunana da ciwon kai, ƙarya na yi miki. Ki soke ki gyara. Talata talatin da wani abu ne, zan jira."

"Kai! Kai, ɗan nan!"

Kafinta ya runtse ido. Duk cikin mutanen duniya, sai yau Kawu ya ga damar zuwa awon hawan jini. Ƙanen mahaifiyarsa ne, tsoho mai sanda, wanda ba a taɓa yin magana a dangi bai sa baki ba. Ya taso yana dogarawa, ya kama hannun rigar Kafinta ya ja shi gefe, yana raɗa irin raɗar da kowa ke ji.

"Me kake yi haka? Kanka ɗaya kuwa? A zuriyarmu kaf babu mai taɓin hankali, ba kuma a kanka za a fara ba. Ka koma ka ce mata wasa kake yi."

"Kawu, da hankalina. Yau ma ya fi na kullum."

"Wa zai ƙara ba ka aiki? Wa zai bar ka ka shiga gidansa da guduma? Mutum ya yi rashi sai ya yi haƙuri, kai ne farau? Ni 'ya'ya nawa na binne?"

"Uku, Kawu. Kuma shekara ashirin ke nan ba ka iya bin titin makarantarsu, sai ka zagaya. Ni ba na son in kai shekarunka ina zagaye."

Kafinta ya ji zafin abin da ya faɗa, amma bai janye ba. Kawu ya sake shi, ya lalubo waya daga aljihu, ya fita waje yana latsawa da yatsa ɗaya. Ta taga ana jiyo shi yana cewa, "Ki zo maza, mijinki ya tara mana jama'a a asibiti."

Kafinta ya biya kuɗin kati ya karɓa. Ya ɗan tsaya a tsakiyar zauren. Ba zai ɓoye ba, ya sa rai. Ya ɗauka in mutum ɗaya ya fasa, wani zai biyo baya. Malamin makaranta ya ƙura wa takalminsa ido. Mai yadi ta shiga binciken jakarta kamar ta yar da allura a ciki. Direba kuwa ya tashi sumui-sumui ya fice, ko waiwaye babu. Ran Kafinta ya ɓaci, sannan ya tuna shi ma jiya da haka zai yi.

"Ka gani ko?" in ji Shugaba, ba da izgili ba. "Huɗu. Ka zubar da mutuncinka a banza, ka kuma rasa aiki. Gobe zan kira wani kafintan."

"Ka kira shi. Zai same ni a zaune a ciki, sai ya auna da ni."

A gaban ƙofar Malama, daidai inda duk zauren ke hangowa, akwai wani dogon benci da aka ajiye don masu jiranta. Tun da aka kawo shi ba wanda ya taɓa ɗora masa mazaunai, har ƙura ta yi masa riga. Kafinta ya ciro tsumman aljihunsa ya goge shi tas, daga wannan kai zuwa wancan, ya zauna a tsakiya, ya ɗora katin a gwiwa. Masu wucewa suna raɓawa ta jikin bango. Wata mata ta janye ɗanta. Ya ji kunya tana cin bayan wuyansa, ya ƙi sunkuyar da kai. Abu ɗaya ne ke damunsa, wato fuskar da matarsa za ta shigo da ita.

Ba a yi rabin awa ba ta iso. Da gani daga kan keken ɗinki ta taso, ga zare maƙale a hijabinta, tana haki. Kawu ya tare ta a bakin ƙofa yana bayani da sanda, yana nuna benci. Ta tsaya ta dubi mijinta, ta dubi ƙofar da ke bayansa, ta dubi kwalayen da ke jibge.

"Rufe ɗakin za a yi?" ta tambayi Kawu.

"Ke ina ruwanki da ɗaki? Ki je ki lallashe shi ku tafi gida!"

Ba ta je wurin mijinta ba. Tagar Mai Kati ta nufa. Ita kuwa Mai Kati, da ta ga fuskar da ta sani, sai ta samu abin da za ta huce da shi.

"Maman Aku! Cikin ne ya tashi? Ai yau ba Alhamis ba ce."

"Ba ni da ciwon ciki," in ji matar. Ba ta saba ɗaga murya ba, amma ta ɗaga. "Ban taɓa yi ba. Ki rubuta ni a ƙarƙashin mijina."

A karo na farko tun da aka ɗauke ta aiki, Mai Kati ta yi rubutu bakinta a rufe.

Kawu ya nemi wuri ya zauna. Matar ta karɓi katinta ta ratso zauren, idanu na binta, ta zo ta zauna a bencin, ta bar ɗan fili tsakaninsu. Kafinta ya kasa ko motsi. Duk Alhamis takan ce masa za ta kai wa yayarta ɗinki, shi kuma yakan ce a dawo lafiya.

"Tun yaushe?" ya tambaya.

"Shekara da wata ɗaya. Kai fa?"

"Wata takwas." Ya rage murya. "Ta bayan tanki?"

"Ta bayan tanki."

Wata 'yar dariya ta kuɓuce masa, ta rikiɗe ta zama wani abu daban. Ya shafa fuska da tafin hannu.

"Na ɗauka ba kya son ganina ne," ya ce. "Na ɗauka duk sanda kika dube ni, katakon nan kike gani."

Ta daɗe tana murza gefen katin kafin ta amsa.

"Ni na ce ka tafi da ita shago, Maigida. Ta hana ni ɗinki da surutu, na ce ka ɗauke min ita in samu in gama. Na ɗauka kana sane, kana dai raga min ne."

Ya juyo ya dube ta sosai. Wallahi ya manta. Shekara ɗaya da rabi yana juya ranar nan a ransa, ya juya wayar, ya juya igiyar, bai taɓa tuna wanda ya ce a tafi da wa ba. Ashe ita a nan ta tsaya, ba ta wuce ba. Tausayinta ya kama shi, sai ya matsa ya cike filin da ta bari.

Ƙofar gaba ta buɗe, Malama ta leƙo. Ta gan su su biyu a jere. Kafinta ya zuba mata ido, yana tuna duk Talatar da ya zauna yana ce mata matarsa ta tsane shi, ita kuma tana cewa, ka taɓa tambayarta? Malama ta gyara zaman tabarau, fuskarta ba ta nuna komai ba.

"Wa zai fara shigowa?"

Suka dubi juna.

"Tare," in ji matar.

"Kujera ɗaya ce ta rage. An fitar da ɗayar da safe."

Kafinta ya miƙe, ya soke katin a aljihu, ya kama kan bencin. Matarsa ta tattare hijabinta ta kama ɗaya kan. Suka ɗaga.

"Kai, ina za ku da shi?" in ji Shugaba. "Bencin asibiti ne fa."

"Ɗakin ma na asibiti ne, ranka ya daɗe. A ɗan ba mu hanya."

Bencin dogo ne, ƙofar kuma matsattsiya, sai an karkata shi kafin ya shiga, ga wani kwali ya tokare wurin juyawa. Shugaba ya tsaya yana kallonsu, makullai a hannu, mata da miji suna ta fama, ita tana cewa ɗaga naka, shi yana cewa a hankali da yatsunki. Ya dubi zauren da ya zuba masa ido. Sannan ya sunkuya, ya rungumi kwalin, ya matsar da shi gefe.